Kotu ta yanke kuɗin ciyarwa, uban yara ya ƙi biya: daga ina gyara zai fara?

Barista Hauwa, Garki:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Duk lokacin da aka tayar da maganar gyaran dokar iyali, sai a tafi kan shekarun aure da ƙarin mata, a yi ta musu har a watse. Ni a ganina abin da ya fi cin mata da yara ba a can yake ba, yana wurin kuɗin ciyarwa bayan an rabu. A duba lissafin nan. Idan kotu ta yanke naira 10,000 a wata ga yara uku, kowane yaro ya tashi da naira 111 a rana. Wannan ma idan an biya ke nan. Uba ya kawo wata biyu, na uku ya ce kasuwa ta mutu, na huɗu ya canza layin waya. Uwa ta koma kotu, a ce ta biya kuɗin sabon sammaci. Tambayata ita ce: doka ce ba mu da ita, ko hanyar zartar da hukunci ce ta lalace?

Baba Alƙali, Gwagwalada:
Wa alaikumus salam. 'Yata, doka kam akwai ta, rashin karanta ta ne. Mazhabar Malikiyya da kotunan yanki ke aiki da ita ba ta bar wannan babin a buɗe ba. Abin da ke cikin littattafan fiƙihunta, Mukhtasar na Khalil da Tuhfa, ya ishi alƙalin da ya so aiki. Miji zai yi tafiya, matar tana da ikon ta nemi ya ajiye ciyarwar kwanakin da zai yi, ko ya kafa wanda zai tsaya masa. Ya ɓace ya bar dukiya, alƙali zai yanka ciyarwa a cikin dukiyar, da ajiyar da ya ba wani, har da bashin da yake bin mutane, bayan matar ta rantse cewa bai bar mata komai ba. Yana nan a gari ya ce ba shi da shi, a ba shi wa'adi. Wa'adi ya cika, a sake ta a kansa saki ɗaya, kuma ba shi da ikon yin kome, wato mayar da ita, sai ya samu abin ciyarwa kafin idda ta ƙare. Wanda yake da hali ya ƙi, a tsare shi. Wanda ya tabbatar da talaucinsa, a saurara masa.

Wurin da mata ke faɗuwa ba su sani ba shi ne nan: ciyarwar mata bashi ce a kan miji mawadaci ko da shekara ta wuce, amma ciyarwar 'ya'ya tana faɗuwa da wucewar lokaci, sai dai idan alƙali ya riga ya yanka ta, ko wanda ya ciyar ya yi da niyyar a biya shi. Mace ta yi shekara uku tana haƙuri, tana sayar da awara tana ciyar da yara, sannan ta zo neman na baya. Sai a tambaye ta ko da niyyar bashi ta yi, ta ce a'a, ai 'ya'yana ne. Da bakinta ta zubar da haƙƙin.

Barista Hauwa:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. To ai wannan shi ne hujjar masu cewa a rubuta dokar sashe-sashe. Mai awarar nan a ina za ta ga Mukhtasar?

Malam Nuhu Magatakarda, Kubwa:
Kafin a kai ga rubuta doka, bari in shimfiɗa yadda fayil ke tafiya, domin a nan ake yin asarar. Mace ta shigar da ƙara, an rubuta, an fitar da sammaci. Mataki na farko da ke kashe shari'a shi ne kai sammacin. A Abuja da yawa daga masu aiki ba a Abuja suke kwana ba. Mararaba da Masaka jihar Nasarawa ne, Madalla da Suleja jihar Neja ne. Matar tana Nyanya, tsohon mijin yana tsallaken iyaka, tafiyar minti goma a babur, amma wata jiha ce daban. Sai an bi ƙa'idar kai takarda wajen hurumi, kuma ma'aikacin kotu ba zai hau mota da kuɗin aljihunsa ba. Idan babu shaidar cewa sammaci ya isa hannu, alƙali ba zai ci gaba ba, in kuwa ya ci gaba a rushe hukuncin a sama. Ɗagewa uku a kan wannan kaɗai, wata biyu sun tafi.

Na biyu, yadda ake rubuta hukuncin. "Zai riƙa ba da dubu ashirin duk wata." Ranar nawa ga wata? A hannun wa? Kuɗin makaranta na ciki ko daban? Asibiti fa, da kayan sallah, da hayar ɗakin da yaran ke kwana? Hukuncin da bai faɗi waɗannan ba sabuwar shari'a ya haifa. Na uku, babu rasit. Ya ce ya ba ƙaninta a tasha, ta ce ba ta gani ba, a koma neman shaidu a kan dubu ashirin. Da an rubuta lambar asusun banki a cikin hukuncin, takardar banki kaɗai ta raba gardama.

Dakta Rabi, Jami'a:
Malam Nuhu ya taɓo inda yake mini ciwo. Mai bincike ya je kotu yana son sanin shari'o'in ciyarwa nawa aka shigar a shekara, nawa aka yanke, matsakaicin kuɗin nawa ne, nawa aka ci gaba da biya bayan wata shida. Abin da zai tarar littafin rajista ne na hannu, kuma a gurbin irin ƙara an rubuta "aure" kawai. Hul'i (mace ta fanshi kanta) aure, ciyarwa aure, riƙon yara aure, rikicin kayan ɗaki aure. Dole sai ya buɗe fayil ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa duk adadin da ake yawo da shi na zawarawa nake karɓarsa da taka-tsantsan, don yawancin saki a ɗaki ake yinsa, ba ya zuwa gaban kowa. Dokar rajistar haihuwa da mutuwa ta 1992 ta ɗora wa Hukumar Ƙidaya rajistar aure da rabuwa ma, amma wa ya taɓa ganin an kai takardar saki can?

Aikin da ya fi kusa da abin da nake nufi shi ne na Kano. A farkon 2017 Sarki Muhammadu Sanusi II ya bayyana a nan Abuja, wajen taron cika shekara 50 da rasuwar Jakada Isa Wali, cewa ana shirya daftarin dokar iyali. Malamai da masana shari'a sun zauna a kai, amma abin da ya fita bakin jama'a jimla ɗaya ce, wai za a hana talaka ƙara aure. Aka bar babin ciyarwa, da na saki, da na riƙon yara, aka yi ta faɗa a kan jimla ɗaya. Daga baya ya yi digirinsa na uku a Landan a kan wannan batu, yana kwatanta Kano da Maroko.

Ustaz Kabiru, Zuba:
Dakta, da girmamawa, Marokon nan da ake yawan kawowa a yi hattara da ita. Su 'yan Malikiyya ne kamarmu, gaskiya ne, amma dokarsu ta 2004 ta mayar da shekarun aure 18, ta ce ba a ƙara mata sai da izinin alƙali, ba a saki sai a gaban kotu. Abin ya yiwu ne saboda sarkinsu shi ne Amirul Muminina, ya sa hannu kowa ya yi shiru. Mu wa zai yi mana wannan? Kuma tsorona da rubuta doka shi ne, yau malamai ne za su rubuta, gobe 'yan majalisa ne za su gyara da ɗaga hannu. Fiƙihu yana da faɗi, alƙali yana duba halin mutanen da ke gabansa. Idan aka ɗaure shi da sashe, an rufe masa ƙofa.

Dakta Rabi:
Allah gafarta Malam, faɗin nan shi ne ya sa kotu biyu a gari ɗaya ke yanke hukunci biyu a mas'ala ɗaya. Kuma ni ba shekarun aure na ɗauko daga Maroko ba. Abin da na ɗauko shi ne asusun da suka kafa na tallafa wa iyali: miji ya gaza biya, asusun ya ba matar, gwamnati ta bi shi bashi. Tunisiya ta kafa irinsa tun 1993. Masar ta kafa kotunan iyali a 2004, kuma Bankin Nasser ne ke biyan matar sannan ya bi mijin. Malesiya, inda suke Shafi'iyya, sun buɗe sashe na musamman a ƙarƙashin kotunan shari'a a 2008 don bin hukuncin ciyarwa. Cikin waɗannan wanne ne ya taɓa nassi? Canza wanda ke bin bashi kawai aka yi. Maimakon bazawara mai goyo ta bi tsohon miji, hukuma ce ke binsa.

Ustaz Kabiru:
Wannan ban da ja a kai. Baitulmali ke nan da wani suna. Jana yana kan sharaɗin cewa saki ba ya aukuwa sai a kotu. Mutum ya furta, ya auku, ko alƙali ya ji ko bai ji ba.

Baba Alƙali:
Malam Kabiru, a raba abu biyu. Aukuwar saki daban, wajabta rubuta shi daban. Hukuma tana iya cewa duk wanda ya yi saki ya kai rahoto cikin kwana kaza, in bai kai ba a ci shi tara, kuma sakin ya auku. Amfanin rubutun a bayyane yake. Ranar saki ita ce ke ƙirga idda. Ita ce ke nuna ko kome ya inganta. Ita ce ake komawa gare ta idan ciki ya bayyana, ko mijin ya rasu ana gardamar ko tana da gado. Yanzu kuma ga sakin waya, a turo saƙo da dare a goge da safe. Mace ta ce uku ne, miji ya ce ɗaya ne, babu shaida, sai rantsuwa. Ina laifin takarda?

Barista Ishaya, Nyanya:
Ranka ya daɗe Baba, bari in shigo da ɓangarenmu, kada a ɗauka auren rajista yana cikin inuwa. Dokar da ke raba shi ta 1970 ce, zamanin soja, an ɗebo ta daga dokokin Ostireliya da Ingila. Ostireliya ta sauya tata tun 1975, Ingila ta daina neman mai laifi a 2022, mu muna nan inda aka bar mu. Babbar kotu kaɗai ke da hurumi. Ba a shigar da ƙarar saki kafin aure ya shekara biyu sai da izinin kotu. Dalili ɗaya ne, cewa auren ya mutu babu gyara, amma sai an tabbatar da shi ta ɗaya daga hanyoyi takwas da ke sashe na 15: zina, hali da ba a iya zama da shi, gudu na shekara ɗaya, rabuwar shekara biyu idan ɗayan bai ƙi ba, ta shekara uku ko ya ƙi, da sauransu. An yi nasara ma hukuncin wucin gadi ake samu, sai bayan wata uku ya tabbata. Da yawa suna karɓar na farkon su tafi su ɗaura wani aure, ba su san igiyar farko tana nan ba.

Kan ciyarwa kuwa, dokar ta yarda a ba da odar cire kuɗi daga albashi kai tsaye. Kayan aiki ne mai kyau, lauyoyi kaɗan ke nemansa. Sai dai a kan mai albashi kawai yake ci. Ɗan kasuwar Wuse ko mai tifa a Dei-Dei ba shi da takardar albashi. Shi sai odar kama kuɗin banki, kuma sai ka san bankin. In kuɗin yana hannun jami'in gwamnati, ga sashe na 84 na dokar zartar da hukunci da ke neman amincewar Antoni Janar.

Inda matanmu suka fi shan kashi rabon dukiya ne. Sashe na 72 na dokar 1970 ya ba kotu dama ta raba bisa adalci, amma kotuna sun daɗe suna neman shaidar gudummawar kuɗi. Shekara ashirin tana dafa wa leburori abinci ana gina gida a Kuje, ba ta da rasit ɗin siminti ko ɗaya. Kenya ta rubuta a dokarta ta 2013 cewa aikin gida da renon yara gudummawa ne. Layi ɗaya ne, amma ya canza shari'a.

Anti Ladi, jin daɗin jama'a, Karu:
Duk kun yi maganar kotu, ba wanda ya ce kotun wa. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 tana aiki a Abuja kai tsaye, Filato ta karɓe ta a 2005. Ta kafa kotun iyali hawa biyu, majistare da babbar kotu, alƙali yana zama da mataimaka biyu da suka san halin yara, ba a barin 'yan kallo, ba a buga sunan yaro. Ga kuma kotun yanki tana yanke riƙon yara bisa shari'ar Musulunci, ga kotun gargajiya. Uwa ta kai ƙara nan, uba ya kai can, kowa ya fito da takarda a hannu, ɗan sandan da aka ce ya raka a ɗauko yaro ya rasa wacce zai bi. Yaron kuma ya rasa zangon karatu guda.

Sannan rahoton ma'aikacin jin daɗin jama'a, wanda ya kamata alƙali ya dogara da shi, yana buƙatar a je gidan uwa, a je gidan uba, a je makaranta, a zauna da yaron shi kaɗai. Ziyara huɗu ke nan aƙalla. Idan babu kuɗin mota, ɓangaren da ya biya mota shi ake zuwa gidansa, kun ga rahoton ya karkace tun kafin a rubuta.

Barista Hauwa:
Anti, rikicin hurumin daga kundin tsarin mulki ya taso. Sashe na 262 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Abuja hurumi kan aure, rabuwa, dangantakar iyali, waliccin yaro da gado a tsakanin Musulmi, kamar yadda sashe na 277 ya ba ta jihohi. Dokar majalisa ba ta ƙwace abin da kundin ya bayar. Kuma jerin ikon tarayya ya cire auren Musulunci da na gargajiya daga hannun Majalisar Tarayya, shi ya sa dokar iyali ta Musulunci aikin majalisun jihohi ne. Abuja ce kawai daban, don Majalisar Tarayya ce majalisar jiharmu. Ku yi tunanin kai daftarin hul'i da idda gaban sanatoci 109. Waɗanda suka tuna hayaniyar 2013 kan sashe na 29 na kundin, mai ɗaukar macen da ta yi aure a matsayin wadda ta kai shekarun girma, sun san yadda za ta kaya.

Akwai wata sanda da ba a cika ɗagawa ba. Dokar hana cin zarafi ta 2015 ta mayar da watsar da mata da yara babu abinci laifi, ɗaurin da zai iya kai shekara uku, ko tarar da ba ta wuce naira 500,000 ba, ko duka biyu. Korar mace daga gida da ƙarfi ma laifi ne a cikinta. Amma ni ban cika son ta ba a shari'ar ciyarwa. Wanda ke tsare a gidan yarin Kuje ba ya kawo ko mudun masara.

Malam Nuhu Magatakarda:
Barista, ba ɗaurin ake nema ba, inuwarsa ake nema. Ranar da aka karanta wa mutum sashen, kawunsa ne ke fara tambayar lambar asusu.

Baba Alƙali:
Ina so in dawo kan hul'i, don ta nan ciyarwar yara ke zubewa ba a lura ba. Mace ta zo da ƙarar duka da yunwa. Wannan ƙarar cutarwa ce, kuma idan ta tabbata alƙali ya raba auren ba ta biya ko kobo. Malikiyya ta sauƙaƙa hujjar ma, tana karɓar shaidar ji-ta-ji-ta da ta yaɗu a maƙwabta. Idan hujja ta gagara kuma ƙara ta maimaitu, a tura masu sulhu biyu, ɗaya daga danginsa ɗaya daga nata, kamar yadda aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta ce, kuma abin da suka yanke yana zartuwa. Amma wannan hanyar tana cin zama biyar ko shida. Sai a ce mata, ke dai kina son ki fita? To mayar masa da sadakinsa. Miji ya ga dama ta samu, ya ƙara da lefe, da kuɗin na-gani-ina-so, ya ce kuma ta ɗauke masa ciyarwar yara ko ta bar masa su. Ta gaji, ta yarda, a rubuta. Abin da ba a gaya mata shi ne, idan daga baya ta tabbatar da cewa cutarwa ce ta sa ta fanshi kanta, sakin yana nan, kuɗin kuma a mayar mata.

Riƙon yara ma haka. Uwa ce ta farko, namiji har ya balaga, mace har ta tare a ɗakin miji. Idan uwar ta yi aure da bare, ba wurin uba riƙo ke komawa ba, kakar wajen uwa ce ke bi. Batun "ya kai shekara bakwai a ba ubansa" ba Malikiyya ba ne, al'ada ce ta shige rigar shari'a.

Ustaz Kabiru:
Baba, wannan ko a mimbari ba a faɗa. In dai irin waɗannan ne za a tattara a ɗan littafi da Hausa da ajami, a ce ga abin da kotu za ta bi, babu malamin da zai yi faɗa.

Dakta Rabi:
Allah gafarta Malam, abin da ka kwatanta ɗin nan shi ake kira rubuta doka. Ka shigo ta taga.

Ustaz Kabiru:
Na shigo ta tagar da Grand Kadi, shugaban Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, ke riƙe da makullinta, ba ta majalisa ba. Akwai bambanci.

Barista Hauwa:
To a tsaya a tagar, don tana da faɗi. Kotunan yanki na Abuja a ƙarƙashin Grand Kadi suke tun dokar 2010, kuma umarnin gudanar da shari'a ba ya buƙatar zuwa majalisa. Zai iya ƙunsar fom ɗaya na hukuncin ciyarwa mai gurbin abinci, makaranta, asibiti, sutura da haya, kowanne da adadinsa, da ranar biya, da lambar asusu. Odar wucin gadi a zaman farko, don yara ba sa jiran ɗagewa. Mai tsaya wa uba, da lambar katinsa na ɗan ƙasa. Da izinin kai sammaci ta saƙon waya idan an kasa samun mutum. Sai littafin rajista ya raba ƙararraki gida-gida, Dakta ta samu abin ƙirgawa.

Abu ɗaya ya rage mini. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, hukuncin da aka yanke kafin lokacin ya zama wasa. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga 30,000 zuwa 70,000 a 2024, amma tsohon hukunci yana nan yadda yake sai uwa ta sake shigar da ƙara. Ina ganin a ɗaure ciyarwa da kaso na abin da uba ke samu.

Barista Ishaya:
Kaso na me, Barista? Mai shago zai rantse miki cewa asara yake yi, asusun da ke motsi kuma da sunan yaron shagonsa yake.

Baba Alƙali:
Magabata sun riga ku. Alƙali yana da zaɓi ya yanka ciyarwa da kaya ko da kuɗin kayan. A rubuta mudu kaza na masara, kaza na shinkafa, kaza na wake, kwalbar manja kaza, sabulu, gawayi ko gas, a wata. Uba ya kawo kayan ko ya biya farashinsu na ranar. Kasuwa ta tashi, hukunci ya tashi da ita, ba sai an dawo gabana ba.

Malam Nuhu Magatakarda:
Ranka ya daɗe, sai dai a rubuta wane mudu, don na Gwagwalada da na Kubwa ba lallai bakinsu ya zo ɗaya ba, kuma a faɗi kasuwar da za a ɗauki farashinta. In ba haka ba gardamar dubu ashirin ce za ta koma gardamar kwano. A sa kilo a gefen mudun, magatakarda ya liƙa farashi a allon kotu duk wata uku.

Anti Ladi:
Kuɗin makaranta da na asibiti kuma kada su bi ta hannun kowa. A rubuta sunan makarantar a hukuncin, uba ya biya can kai tsaye ya kawo rasit kafin sati na biyu na zango. Iyaye maza da yawa da ke ƙin miƙa wa tsohuwar mata kuɗi suna biyan makaranta ba musu. Barista, in za ki zana fom ɗin, bar gurbin ajin da kowane yaro yake da ranar haihuwarsa, don ranar da babban ya shiga sakandare adadin zai canza.